Yadda yaro ɗan Agege zai zama matuƙin jirgin fasinja

Duk wanda ya tashi a Agege ko Ikeja ya saba da rugugin jiragen da ke sauka da tashi a filin jirgin sama na Murtala Muhammed. Yaro yana tsaka da wasan ƙwallo sai ya tsaya ya ɗaga kai. Daga nan wasu ke fara cewa su matuƙa jirgi za su zama. Ɗan yayata mai shekara 15 na cikinsu, kuma shi ya sa na zauna na bi hanyar daki-daki. Abin da na gano shi ne, gidaje da yawa suna fara lissafi daga kuɗin makaranta, alhali akwai abin da ya riga shi, akwai kuma wani kuɗin da ke biyo bayansa wanda ba a cika faɗa wa iyaye ba.

Mataki na farko yana hannunka tun kana sakandare: ka zaɓi ajin kimiyya. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964, tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fizis. Kada ka ɗauki Fizis a matsayin darasin cin jarrabawa kawai. Shi zai nuna maka dalilin da ya sa fiffike ke ɗaga ƙarfe mai nauyin tan da yawa, da dalilin da ya sa jirgi ke buƙatar titi mai tsawo idan rana ta take.

Turanci kuwa, a nan 'yan Legas kan yaudari kansu. Yaron Agege yana jin Hausa da Yarbanci da Broka, sai ya ɗauka ya gama da harshe. Maganar rediyo tsakanin matuƙi da hasumiyar kula da jirage daban take: gajeriya ce, mai ƙa'ida, ana maimaita umarni kalma-kalma don kada a yi kuskure. Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta sa mataki na 4 cikin 6 a matsayin mafi ƙanƙantar ƙwarewar Turanci da ake karɓa. Ka fara haddace haruffan rediyo tun yanzu, su Alfa, Bravo, Charlie. Ba ko kwabo za ka kashe ba.

Mataki na biyu shi ne wanda zan fi jan kunnen iyaye a kai. Kafin a sayar da fili a Kano ko a taɓa jarin shago a Mile 12, a kai yaro gwajin lafiya na ajin farko wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi. Ba kowane likita ne ke sa hannu a wannan takarda ba. Za a duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da sukari. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙa jirgi muddin tabaraun ya gyara ganin yadda ake so. Abin da ke kayar da mutane ba zato shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore. Yaro zai iya kai shekara 17 bai san yana da wannan matsala ba, don ba ta ciwo, ba ta hana karatu. Amma fitilun fiffiken jirgi ja da kore ne, fitilun gefen titin sauka ma launi ne ke faɗa wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa. Gara a san gaskiya da kuɗin gwaji ɗaya. Kuma gwajin ba na sau ɗaya ba ne, ana sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara har mutum ya ajiye aiki, don haka yaron da ya fara wasa da ƙwaya ko shisha ya san da abin da yake wasa.

Na uku, zaɓen makaranta. A gida akwai Zariya, akwai kuma kwalejin Ilorin wadda ta fi kusa da Legas. A Zariya ne Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Wannan amsa ce ga masu cewa ba aikin 'ya mace ba ne. Wasu kan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka, amma idan sun dawo sai sun mayar da lasisinsu na NCAA. Duk inda za a je, a tambayi abu biyu: jirage nawa ne ke tashi a yau, ba waɗanda ke ajiye a rumfa ba, kuma ɗaliban da suka gama bara wata nawa suka ɗauka. Kwas ɗin da aka rubuta shekara biyu yakan ja idan jirage sun yi kaɗan ko mai ya yanke.

Akwai kuma hanyar sojan sama ta NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin horon. Sai dai wanda ya shiga soja ne kafin ya zama matuƙi, kuma ba shi zai zaɓi ranar fita ba.

Lasisin kansa hawa-hawa ne. A shekara 17 za ka iya samun PPL, lasisin tuƙin jirgi na ƙashin kai, bayan aƙalla sa'o'i 40 a sama, amma ba a biyan mai wannan lasisi albashi. A shekara 18 sai CPL, lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, wanda ke buƙatar sa'o'i 200, ko 150 a kwas na musamman da hukuma ta amince da shi. A tsakani za ka koyi tuƙa jirgi mai inji biyu, da tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba. Wanda ya taɓa yini a filin jirgin Legas yana jiran jirgin Kano saboda hazon hunturu ya san amfanin wannan. Lasisi na ƙarshe, ATPL, sai an kai shekara 21 da sa'o'i 1,500, kuma da shi ne ake zama kyaftin a kujerar hagu.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙananan jirage ake koyo da su. Kamfanoni irin su Air Peace da Max Air da Ibom Air kuwa manyan jirage suke tuƙawa, su Boeing 737 da Embraer da Airbus A220, kuma kowane samfuri yana da nasa horon da nasa hatimin a kan lasisi. Yawanci a na'urar kwaikwayon jirgi ake yin sa, sau da yawa a ƙasar waje, da dala. Kamfani na son mai gogewa, sabon matuƙi kuma ba zai goge ba sai an ɗauke shi. A zamanin Kwankwaso gwamnatin Kano ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi, kuma da yawansu sun daɗe suna jiran aiki bayan sun dawo da lasisi a hannu. Saboda haka idan iyali za su zauna lissafi, su kai shi har wannan horo, kuma su tuna yadda naira ta faɗi tun 2023.

Shawarar da na ba yayata ita ce yaron ya riƙe wata igiya a hannu ɗaya: ya rubuta JAMB, ya nemi injiniyanci ko Fizis, yana sa ido kan tallafin karatu na jiharsu ta asali da sanarwar kamfanonin jirage. Wasu sababbin matuƙa kan zama malaman tuƙi don tara sa'o'i, wasu su shiga ofishin tsara tashin jirage a Ikeja, inda suke jin labarin gurbi kafin kowa. Na ce masa, "Ɗana, wannan hutun ba za mu sayi littafin jirgi ba tukuna, likitan ido za mu fara gani." Ya ɓata rai, amma ya yarda mu je ranar Asabar.