Yadda ake samo kopin takardar saki a Damagaram

Mata da yawa ba su tuna da takardar saki sai ranar da wani auren ya taso, ko ana hada dosiye na biza ko na kudin yara a kes, wato asusun kula da ma'aikata, sai a ce ina takarda? Lokacin ne za a shiga juye akwati. Wata ta bace garin kaura, wata gara ta cinye, wata kuma dama can ba a taba yinta ba.

To abu na farko ki san wane irin saki ne aka yi. In mijin ne ya furta da baki ko ya rubuta a 'yar takarda ya ba ki, a addini saki ya saku, amma fa gwamnati ba ta san da shi ba. Ko gaban mai unguwa aka je ko fada, aikinsu sulhu ne, abin da suka rubuta ki adana shi don sheda ne babba, sai dai a biro wanda alkalin jastis ya sa ma hannu suke nema. In haka ne naki, babu kopin da za a ba ki, sai an fara zuwa kotu alkali ya tabbatar da sakin, da mijin ko da shedu.

In kuwa an riga an bi ta kotu, to can din za ki koma, kotun da ta yi aikin ba wata ba. Wadda aurenta ya mutu a Magarya ko Mirya ko Tanut kar ta sha wahalar zuwa babbar kotun Damagaram, rajistan yana can inda aka rubuta. Kina shiga ki tambayi biron garafiye, shi ke rike da takardun shari'a, ba sai kin ga alkali ba.

Nan ne mutane ke shan wuya, lambar jujman, wato hukuncin kotu, da kwanan wata. In kina da tsohuwar fotokopi ko hoto a salula, ko ta yage indai lamba na fita, kin huta. In babu, ki kokarta ki tuno shekara da wata ko da kwatance ne, bayan sallar layya, ko shekarar da kika haifi wane, sannan sunanki da na tsohon mijin yadda aka rubuta da Faransanci, don Usman a takarda Ousmane ne, harafi daya na iya sa a wuni ana bude rajista.

Ki tafi da katin dan kasa da takardar aure in akwai, da 'yan canji na tambur, kuma ki karbi resi. Masu tsayawa bakin kofa suna cewa kawo in yi miki sauri, ni dai ban ba ki shawara ba.

Kafin ki fito ki duba sa hannu da hatimi da sunaye. Daga nan sai ki kai ta meri, wato ofishin magajin gari, bangaren eta sibil, don dokar 2019 ta sa saki cikin abubuwan da ake rajista kamar haihuwa da aure da mutuwa. Birnin Damagaram komin, wato gunduma, biyar ne, ki je wadda aka rubuta aurenki. Ki yi fotokopi uku ko hudu a legalize su a meri ko komisariya, su za ki rika bayarwa, ta asali ta zauna gida cikin leda. Kuma ki yi sammako, Juma'a da wuri ake tashi.