Kafin ki kai wa tela hoton abayar 'yar fim

'Yan uwa mata na Jidda da Makka, mai son ɗinka irin abayar da ta gani jikin 'yan wasan tashar talabijin ta MBC ko masu tallar Snapchat, ga 'yar shawara.

Hoto ɗaya ba ya isar tela. Ki tsayar da shirin a Shahid, manhajar kallon shirye-shiryen MBC, ki ɗauki gaba, baya da bakin hannu, don a nan aikin yake ɓuya. Launi kuma kada ki yarda da na allo, fitilun ɗaukar shiri ne ke ƙara masa kyau. In kin shiga kasuwar Balad ko ta Bab Makka a Jidda sayen yadi, ki roƙi mai shago ki fito da shi bakin ƙofa ki gani a hasken rana. Wani baƙin yadin, ja yake komawa.

Su fa 'yan wasan nan cikin sanyin na'ura suke yini. Ke da za ki shiga zafin Jidda da gumi, yadin nida mara nauyi ya fi miki karammiski, komai kyansa. Duwatsun ado ki ce a ɗinka su da zare, na mannawa wanki biyu sun fara zuba. Tsawon ma a rage, Hajiya. Abaya mai jan ƙasa sai gidan biki, a Harami matakalar lantarki na iya kama ta.

In ta Sallah ce, ki kai tun Sha'aban. Azumi na kamawa teloli sun cika, kuɗin ɗinki ma ya hau.