Yadda ake auna sayen gidan hayar baƙi a Dubai kafin a zuba kuɗi

Yawancin waɗanda na ga sun ƙone a harkar nan sun sayi gida mai kyau a unguwa mai kyau, da takardu cikakku. Lissafi ne ya kayar da su. Dillali ya turo hoton bene mai kallon teku ta WhatsApp, ya rubuta kuɗin kwana ɗaya, ya ninka da 365, Alhaji ya ga riba ta kai kashi 15 cikin 100 a shekara, ya tura kafin alƙalami. Sai bayan shekara ya gane cewa gidan da ake ba baƙi haya na kwana biyu ko mako ɗaya ƙaramin otal ne, yana cin kuɗi ko da mutum a ciki ko babu. Na ɗauki Dubai ne saboda can mutanenmu suka fi leƙawa, amma matakan za su yi maka aiki a Istanbul ko Alƙahira.

Mataki na 1: Ka faɗa wa kanka gaskiyar abin da kake nema

Mutane uku ne ke sayen irin wannan gida, kuma kowa da lissafinsa. Akwai mai neman wurin ɓoye dukiyarsa daga faɗuwar naira, akwai mai neman kuɗin shiga duk wata, akwai kuma mai son wurin sauka idan ya je hutu da iyali.

Na farkon yana da hujja mai ƙarfi. An ɗaure dirhami da dala a kan 3.6725 tun 1997, ita kuwa naira daga wajen 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya riƙe kadara da dirhami a tsakanin nan bai yi asara ba ko da gidan a rufe yake. Ɗan Nijar mai sefa ba shi da wannan matsi sosai, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Na ukun kuma ya sani cewa watannin da yake sha'awar zuwa, Disamba da Janairu, su ne watannin da gidan ke kawo kuɗi mafi tsoka. Duk daren da ka kwana a ciki a lokacin, daga aljihunka ka biya. Ni dai shawarata, idan hutu kake so ka kama otal.

Mataki na 2: Ka tabbatar doka ta yarda, a garin da kuma a benen

Tun 2002 Dubai ta ba 'yan ƙasashen waje damar mallakar gida, amma a zaɓaɓɓun unguwanni kawai, irin su Dubai Marina, Downtown kusa da Burj Khalifa, Palm Jumeirah, Business Bay da Jumeirah Village Circle (JVC). Tsohuwar Deira da 'yan kasuwarmu suka sani, wajen Naif da kasuwar zinare, galibinta ba ta cikin jerin. Saboda haka tunanin "ai zan riƙa saukar da mutanen Kwari da Sabon Gari a gidana" ba ya tafiya. Mai sarin kaya ba zai kwana a Marina ya yi ta biyan tasi zuwa Deira ba.

Mallaka daban, izinin saukar da baƙi daban. Sai ka yi wa gidan rajista a hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai, ka sabunta izinin duk shekara, ka shigar da bayanan kowane baƙo, ka kuma karɓar wa gwamnati kuɗin yawon buɗe ido, dirhami 10 ko 15 a kowane ɗakin kwana a dare. Ka tambayi masu kula da benen ma, don wasu gine-ginen suna da nasu ƙa'idojin da ke wahalar da baƙi a ƙofa.

Kada ka ɗauka dokar yau ita ce ta gobe. Birnin New York ya kusan kashe wannan sana'a da dokar da ta fara aiki a Satumban 2023. Landan ta taƙaita ta ga kwana 90 a shekara. Barcelona ta sanar a 2024 cewa zuwa ƙarshen 2028 za ta soke lasisin gidaje kusan 10,000. Turkiyya kuma daga Janairun 2024 ta ce sai duk maƙwabtan da ke benen sun amince. Dubai tana maraba da harkar a yanzu, to amma ka sayi gidan da zai iya tsayawa da ƙafarsa a hayar shekara idan aka sauya ra'ayi.

Mataki na 3: Lissafi, inda kowa ke faɗuwa

Nan zan daɗe. Ka ajiye takardar dillali gefe, ka ɗauki biro. Alƙaluman da ke ƙasa misali ne na koyon hanya, kai ka sa na gidan da ake nuna maka.

A ce ɗaki da falo ne a Marina, murabba'in ƙafa 800, farashinsa dirhami 1,500,000. Kafin a miƙa maka makulli akwai kashi 4 cikin 100 na hukumar filaye ta Dubai, wato 60,000. La'adar dillali kashi 2, wato 30,000. Ga kayan ɗaki, don baƙo ba ya zuwa da katifarsa: gado, kujeru, labule, talabijin, firiji, injin wanki, tukwane, har cokula da tawul na canji. Sa 50,000. Jarinka ya zama 1,640,000, ban da ƙananan kuɗin ofis. Da wannan adadin za ka raba riba, kada ka raba da farashin gidan tsura.

Dillali zai ce dare ɗaya 700 ne, shekara ta ba da 255,500. Wannan farashin lokacin sanyi ne. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Dubai yana haura digiri 40, titi ya yi tsit da rana, masu gidaje su yi ta karya farashi don kada ɗaki ya kwana fayau. Akwai kuma dararen da ke faɗawa tsakanin tafiyar baƙo da zuwan wani, waɗanda ba mai saye. Mu ce ka samu dare 250 a kan matsakaicin 600, kuma na yi maka adalci. Kuɗin da ya shigo 150,000.

Yanzu a fara yanka. Airbnb ko Booking.com, shafukan da baƙi ke kama gida ta cikinsu, za su ɗauki wajen kashi 15, saura 127,500. Kana Kano ko Maraɗi, ba kai za ka miƙa makulli da ƙarfe biyun dare ba, dole ka ba kamfanin kula da gidajen baƙi, su kuma suna karɓar kashi 15 zuwa 25. Sa 20, saura 102,000. Kuɗin kula da gini, na lif da masu gadi da wurin ninƙaya, ana lissafa shi a kan kowace murabba'in ƙafa, kuma mai gida ne ke biya ko da gidan a kulle yake. A kan dirhami 18, ya zama 14,400. Wuta da ruwa na hukumar DEWA, kuɗin sanyaya ɗaki, da intanet, duk a wuyanka suke, saɓanin hayar shekara inda ɗan haya ke ɗauka. Baƙon da ya biya kuɗinsa kuwa ba ya kashe na'urar sanyi idan zai fita. Sa 15,000. Gyare-gyare, inshora da sabunta izini, 6,000. Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne kayan ɗakin nan ba za su wuce shekara biyar da mutuncinsu ba, saboda haka ka riƙa ware 10,000 duk shekara.

Abin da ya rage 56,600. A kan jarin 1,640,000, bai kai kashi uku da rabi cikin 100 ba.

Sai ka yi gwajin da dillalin ba zai so ka yi ba. Gidan nan dai, idan ka ba ɗan haya na shekara a kan 100,000, ba ka sayi cokali ko ɗaya ba, ka cire 14,400 na gini da wajen 8,000 na gyara da mai karɓar haya, za ka tashi da 77,600 a kan jarin 1,590,000. Kusan kashi 5. Wato a wannan misalin, duk wahalar tawul da makulli da ƙorafin baƙi ta ba ka ƙasa da abin da za ka samu kana kwance a gida. Akwai gidajen da hayar kwana-kwana ta fi riba ƙwarai, masu kallon teku kai tsaye ko maɓuɓɓugar ruwan Burj Khalifa, inda baƙo ke biyan kuɗin kallo. Ɗakin da ke fuskantar wurin ajiye motoci a bene na huɗu ba ya cikinsu, ko da adireshin ɗaya ne.

Ƙa'idata ita ce, idan bayan an cire komai hayar baƙi ba ta ɗara ta shekara da aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu ba, a bar ta. Kuma kada ka karɓi hasashe. Ka ce a ba ka takardar kuɗin shiga ta wata 12 da suka wuce na wani gida mai girma ɗaya a benen, wata-wata. Idonka ya tafi kan layin Yuli da Agusta. Kamfanin da ya ce sirri ne, ya riga ya ba ka amsa. Za ka iya yin rabin binciken da kanka a kyauta: buɗe Airbnb, zaɓi benen, duba kalandar gidajen maƙwabta ka ƙirga dararen da ba kowa.

Wani zai ce ai farashin gidan zai tashi. Yana iya tashi, ya tashi sosai daga 2021. Amma gidajen Dubai sun zubar da kusan rabin darajarsu a 2008 zuwa 2009, sannan suka yi ta zamewa a hankali daga 2014 har 2020. Wanda ya saya a 2014 ya jira shekaru kafin ya ga uwar kuɗinsa. Tashin farashi ka ɗauke shi a matsayin gyara, kar ka gina lissafi a kansa.

Mataki na 4: Ginanne ko wanda ke kan takarda

Masu gini suna son 'yan Afirka da tsarin biya kaɗan-kaɗan na gidan da ba a gama ba. Ni ba na so ga mai fara harkar. Shekara biyu ko uku kana biya ba ka karɓar ko sisi, kuma idan kuɗin shigarka naira ne, kowane kaso na gaba yana iya fin na baya tsada. Idan ka nace, doka tun 2007 ta ce kuɗinka ya shiga asusun amana na aikin, ba asusun kamfani ko na dillali ba. Ka kuma tabbatar an yi maka rajistar Oqood, wato rajistar wucin gadi ta gidan da ba a gama ba. Manhajar Dubai REST tana nuna inda gini ya kai da kuma ko dillalin yana da lasisi. Duba ta ba ya cin minti goma.

Maganar "ribar tabbas ta kashi kaza na shekara uku" kuwa, sau da yawa kuɗinka ne aka ƙara a farashi ake mayar maka da shi a hankali.

Mataki na 5: Kuɗi, biza da hanya

Wanda ba mazaunin ƙasar ba, banki ba ya ba shi fiye da wajen rabin kuɗin gida ko sama da haka kaɗan. Ga mai gudun riba akwai tsarin ijara, inda banki ke sayen gidan ya ba ka haya har ka mallake shi, a bankuna irin Dubai Islamic Bank, sai dai idan abin da gida ke kawowa kashi uku da rabi ne, kuɗin bankin zai cinye shi ya nemi ƙari. Da bashi wannan ciniki ba ya fita. Ka tura kuɗinka ta hanyar da ke barin takarda, don za a tambaye ka asalinsu, kuma ranar sayarwa za ka buƙaci shaidar.

Gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana ba da damar neman bizar zama ta shekara 10. Ga mai fasfon Najeriya wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke ciki, ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza har zuwa Yulin 2024, jirgin Emirates ma ya daina zuwa, bai koma Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Mutum yana da gida, ba shi da hanyar zuwa ya gan shi. Amma kar ka ƙara rabin miliyan a kan gidan da lissafinsa bai fita ba don biza kawai. Sifaniya da Fotugal sun riga sun rufe irin wannan ƙofa ga masu sayen gida.

Mataki na 6: Saye da miƙa amana

Wannan sashen shi ne mafi sauƙi. A sa hannu a yarjejeniya, ka ajiye cekin kashi 10, mai sayarwa ya kawo takardar rashin bashi daga kamfanin da ya gina benen, a haɗu a ofishin rajista, a ba ka shaidar mallaka da sunanka. Da sunanka na ce, ba na yaronka da ke Dubai ko abokin kasuwanci ba, komai yarda.

Wajen kamfanin da zai kula da gidan, yarjejeniyar kada ta wuce shekara, a rubuta yadda za ka fita, kuma ka samu damar ganin kalandar da idonka daga wayarka. Ka tambayi wa ke biyan ɓarnar baƙo. Ka rubuta sharuɗɗan gidanka, ban da biki, ban da hayaniya, kana sane cewa ba ka da iko a kan duk abin da baƙo zai shigo da shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, hayar shekara ga iyali ta fi masa. Ka tambayi malami yadda zakkar kuɗin hayar take, ka ajiye kwafin takardun inda magada za su same su, ka kuma bar kuɗin hidimar wata shida a asusun can kafin zafin farko ya shigo.