Yadda za ka rubuta ƙaramin direba na farko a kanel ɗin Linux

Toh, kafin komai mu fara da abin da direba yake. Duk lokacin da ka danna kibod ko ka sa filas a kwamfuta, manhajar da kake aiki da ita ba ta san yadda ake magana da wannan ƙarfen ba, kanel, wato zuciyar Linux mai kula da memori da na'urori, take kai wa buƙatarta, shi kuma kanel ya miƙa wa direba. Shi direba kamar tafinta yake, yana jin yaren kanel yana jin yaren na'ura. Kuma abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu shi ne direba ba shi da main, ba ya farawa daga sama ya ƙare a ƙasa irin firogiram ɗin da ka saba rubutawa, zama yake yana jira, in wani ya zo karantawa a kira shi, in wani ya zo rubutawa a kira shi, shi ke nan rayuwarsa.

Linux na zaɓa saboda kod ɗinsa a buɗe yake tun da Linus Torvalds ya sake shi a 1991, duk direban da ke ciki za ka iya buɗewa ka karanta. Da yaren C za mu yi aiki. An fara shigar da Rust cikin kanel a sigar 6.1 a ƙarshen 2022, amma har yau mafi yawan direbobi da C aka rubuta su, to ka ƙware a C tukuna, musamman foyinta, wato abin da ke riƙe adireshin wani wuri a memori.

Abu na farko, don Allah kada ka gwada wannan a kan laftof ɗin da kake aiki da shi kullum. Ka sauke VirtualBox ko QEMU, manhajojin da ke ƙirƙirar maka na'urar gwaji a cikin kwamfutarka, ka sa Ubuntu ko Debian a ciki. Dalili kuwa, in firogiram na yau da kullum ya taɓa memorin da ba nasa ba, kanel ne zai kashe shi ka ga segmentation fault ka gyara ka sake, amma in direba ne ya yi ɓarnar babu wani a sama da zai tsawata masa, na'urar gaba ɗaya na iya sandarewa, in ma tana tsakiyar rubutu a diski fayilolinka su lalace. A cikin na'urar gwaji kuwa ritsat kawai za ka yi, wato ka kashe ka kunna, ka ci gaba. Bayan ka sa ta sai ka sauke kayan aiki:

sudo apt install build-essential linux-headers-$(uname -r)

Yanzu direban namu. Na sa masa suna allo, domin aikin allon makaranta zai yi, ka rubuta abu ya riƙe maka, ka karanta, in ka sake rubutu na baya ya wanke. Babu wani ƙarfe a bayansa, memori ne kawai, amma ƙashin jikinsa ɗaya ne da na direban gaske. Ka buɗe fayil mai suna allo.c ka rubuta:

#include <linux/module.h>
#include <linux/miscdevice.h>
#include <linux/fs.h>
#include <linux/uaccess.h>
#include <linux/mutex.h>

static char ajiya[128];
static size_t tsawo;
static DEFINE_MUTEX(makulli);

static ssize_t karanta(struct file *f, char __user *buf, size_t n, loff_t *pos)
{
	ssize_t r;

	mutex_lock(&makulli);
	r = simple_read_from_buffer(buf, n, pos, ajiya, tsawo);
	mutex_unlock(&makulli);
	return r;
}

static ssize_t rubuta(struct file *f, const char __user *buf, size_t n, loff_t *pos)
{
	if (n > sizeof(ajiya))
		return -EINVAL;
	mutex_lock(&makulli);
	if (copy_from_user(ajiya, buf, n)) {
		mutex_unlock(&makulli);
		return -EFAULT;
	}
	tsawo = n;
	mutex_unlock(&makulli);
	return n;
}

static const struct file_operations ayyuka = {
	.owner = THIS_MODULE,
	.read = karanta,
	.write = rubuta,
};

static struct miscdevice na_ura = {
	.minor = MISC_DYNAMIC_MINOR,
	.name = "allo",
	.fops = &ayyuka,
	.mode = 0666,
};

static int __init shiga(void)
{
	pr_info("allo: na shigo\n");
	return misc_register(&na_ura);
}

static void __exit fita(void)
{
	misc_deregister(&na_ura);
	pr_info("allo: na fita\n");
}

module_init(shiga);
module_exit(fita);
MODULE_LICENSE("GPL");

Ka fara karanta shi daga ƙasa, ya fi sauƙin ganewa. shiga ita ake kira lokacin da aka ɗora direban, fita kuma lokacin da aka sauke shi, kuma duk abin da ka yi rajistarsa a shiga dole ka warware shi a fita. Layin GPL ɗin nan ba ado ba ne, in ka bar shi sabbin kanel ba za su ma yarda a haɗa fayil ɗin ba, in kuma ka sa lasisin da ba na buɗaɗɗen kod ba akwai fankishin da yawa da za a hana ka taɓawa. file_operations kuma shi ne jadawalin da kake miƙa wa kanel kana cewa in an zo karatu ga wanda za a kira, in rubutu ne ga wanda za a kira. Na bi ta misc_register ne saboda ita ce hanya mafi gajarta, ita za ta sama maka lamba, fayil ɗin /dev/allo kuma ya bayyana da kansa ba sai ka yi mknod ba.

Wurin da nake so ka tsaya sosai shi ne rubuta. Ka ga buf ɗin nan mai alamar __user? Adireshi ne da wani firogiram daga waje ya miƙo maka, kuma ba ka da tabbacin gaskiya ya faɗa, zai iya ba ka adireshin da babu komai a cikinsa, zai iya ba ka adireshin cikin kanel da gangan don ka tono masa sirri, zai iya cewa bayit miliyan ya kawo alhali 10 ne kawai a wurinsa. Shi ya sa ba a taɓa yin memcpy kai tsaye a kansa, sai copy_from_user in kana karɓa, copy_to_user in kana bayarwa, su ne ke bincika adireshin, in ya samu matsala su dawo maka da adadin bayit ɗin da suka kasa kwafa maimakon na'ura ta faɗi. Kuma dubawar nan ta n da na yi a layin farko, wallahi ita ce mafi muhimmanci a fayil ɗin duka, in babu ita mutum zai iya ƙoƙarin zuba bayit 5000 a ma'ajiyar 128 don ragowar ta malala kan memorin kanel, irin wannan ƙofar ce masu kutse ke nema dare da rana.

Makulli kuma, wato mutex ɗin da ke hana biyu taɓa ajiya a tare, na sa shi ne saboda firogiram biyu na iya zuwa lokaci guda, ɗaya na rubutu ɗaya na karatu, kowa a kan nasa ƙwaƙwalwar firosesa. Ka lura ko a hanyar kuskure sai da na buɗe makullin kafin in fita, in ka manta da wannan duk wanda ya zo daga baya zai tsaya jira har abada.

Sai Makefile, a folda ɗaya da allo.c:

obj-m += allo.o
all:
	make -C /lib/modules/$(shell uname -r)/build M=$(PWD) modules

Layin ƙarshen nan da maɓallin Tab ake fara shi ba sifes ba, in ka ga missing separator to shi ne matsalar. Ka buga make, za ka samu allo.ko, sannan:

sudo insmod allo.ko
sudo dmesg | tail
echo "salamu alaikum" > /dev/allo
cat /dev/allo

A dmesg za ka ga "na shigo", domin pr_info ba ta rubutu a taminal ɗinka, littafin kanel take zubawa. In ka buga ls -l /dev/allo za ka ga harafin c a farkon layi, wato na'ura ce mai karɓar bayit ɗaya bayan ɗaya, sai lamba 10 wadda ita ce babbar lambar duk na'urorin misc. Ka duba /dev/null ma ka gani, nasa 1 da 3 ne, irin abin da ka rubuta yanzu ne shi ma. In ka gama, sudo rmmod allo.

Akwai kurakurai biyu uku da kusan kowa sai ya haɗu da su. In insmod ta ce Invalid module format, yawanci ka haɗa direban da kanel ɗaya ne kana son ɗora shi a wani, galibi bayan ofdet, sake make kawai. In ta ce Key was rejected by service, Secure Boot ne a kunne yana ƙin direban da ba a sa masa hannu ba, a na'urar gwaji kashe shi ya fi sauƙi. Na ukun kuma sai ranar da ka rubuta karanta da hannunka ba tare da simple_read_from_buffer ba, za ka ga cat na maimaita saƙon ba ƙaƙƙautawa, dalili shi ne cat ba ta tsayawa sai an dawo mata da 0, kai kuma ba ka matsar da pos, mai nuna inda karatu ya kai, ba balle ka san an kai ƙarshe.

Sauran abin da za ka saba da shi a hankali: babu printf babu malloc a nan, kmalloc da kfree ne, kuma abin da ka ara ba ka mayar ba ya tafi ke nan sai an ritsat. Sitak ɗin kanel, wato memorin da fankishin ke ajiye kayansa na wucin gadi, ƙarami ne, kilobayit 16 a x86-64, saboda haka kada ka ajiye babbar ma'ajiya a cikin fankishin. Lissafin lambobi masu ɗigo ma a guje shi.

In allo ya zauna maka, mataki na gaba da zan ba ka shawara shi ne ka nemi Raspberry Pi da ƙaramin ƙwan LED da rezisto, ka sauya cikin rubuta yadda in an turo 1 ƙwan ya kama in an turo 0 ya mutu, a nan za ka haɗu da gpiod_set_value da device tree, wato fayil ɗin da ke faɗa wa kanel wace na'ura ce a haɗe da wace ƙafa. Kafin kayan su iso hannunka kuwa, ka sauke kod ɗin kanel ka buɗe drivers/char/mem.c, a ciki /dev/null da /dev/zero suke, ka nemo read_null ka kwatanta ta da karanta ɗinka.