Darasi na 9: Tsohuwar mota da gwajin hayaƙi

A Kamaru doka ta wajabta wa mai mota ya riƙa kai ta bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota. Motar gida sau ɗaya a shekara, tasi da motar haya kuwa duk wata 3. Ana duba birki, fitilu, tayoyi da sitiyari, sannan a zura wata na'ura cikin bakin salansa a auna hayaƙi. A wannan gwaji na ƙarshe tsofaffin motoci kan faɗi, kuma yawancin motocin da ke yawo a Garwa, Marwa da Ngaundere tsofaffi ne.

Kafin ka kashe ko sisi, sa wani ya tayar da motar ya taka totur, kai kuma ka tsaya a baya ka dubi launin hayaƙin.

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wannan shi ne ciwon motocinmu. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, inji ya kasa shaƙa, man ya fita bai gama ƙonewa ba. Buɗe akwatin matatar, ciro ta, ɗaga ta wajen rana. In haske bai ratsa ba, sayi sabuwa. Bubbuga ta a jikin taya, kamar yadda yaran gareji ke yi, ba ya fitar da ƙurar da ta shige ciki. Bayan matata sai buji a motar fetur, ko bakin allurar mai a motar gazuwal. In motarka mai kafireto ce, makaniki ya daidaita shi. A kula da man kwalba na bakin titi, wanda ake kira zuwa-zuwa: wani yana da kyau, wani da datti ko gauraye, kuma dattin nan a allurar mai yake tsayawa. Mako guda kafin gwaji, sha mai a gidan mai.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Yi juye, kada a cika ya wuce alamar sandar awo. In bai daina ba, wataƙila zoben fistin ya ci, in haka ne sai an kwance inji.

Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. Kada ka je gwaji da shi. Amma ɗan tururin safiyar sanyi ba komai ba ne.

Akwai wata tukunya a jikin salansa, katalizo, wadda ke rage gubar hayaƙi. Wasu makanikai suna fasa ta ko su cire, wai don mota ta ƙara gudu. Kada ka yarda. Katalizo ba ta aiki sai ta yi zafi, saboda haka ranar gwaji ka yi tafiyar kamar minti 20 a kan babbar hanya kafin ka shiga layi, kada injin ya huce. Riƙe kat giriz, wato takardar rajistar mota, da takardar inshora a hannu.

Aiki: Rubuta launukan hayaƙi guda 3 a littafinka, da abin da za ka fara dubawa a kan kowane ɗaya. Ka nemo takardar bizit ta wata mota, ka karanta ranar da za ta ƙare, ka rubuta ta da lambobi.