Masu ɗaga saba zuwa Debian 13, ku duba /tmp tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai shirin ɗaga sabarsa (server) zuwa manhajar Linux ta Debian 13, wadda ta fito ranar 9 ga Agustan 2025, ya kula da /tmp, wato ma'ajiyar fayilolin wucin gadi. Yanzu ba a kan faifai take ba, a cikin RAM take zaune, kuma tana iya cin rabinsa. Idan ƙaramar saba kake haya mai RAM giga 1, ka saba jibge ajiyar bayanai a /tmp kafin ka kwashe, wallahi za ta cika maka tun ba a je ko'ina ba, aiki ya tsaya cak.

Bayan ka sake kunna na'urar, buga df -h /tmp. In ka ga tmpfs, wato ajiya a cikin RAM, to canjin ya kama ka. Tsofaffin fayilolinka ba su ɓata ba, an dai rufe su ne a ƙasa. Umarnin mount --bind / /mnt zai nuna maka su a /mnt/tmp.

Mai son tsohon tsari ya buga systemctl mask tmp.mount, ya sake kunnawa. Ni dai a ganina gara a bar shi, a mayar da manyan fayiloli /var/tmp, wadda har yanzu tana kan faifai.