Yadda za ka ceci dasashinka kafin haƙora su fara girgiɗi

A ɗakin haƙori nake aiki a nan Maraɗi, kuma maganar da na fi ji ita ce: "Malama, na daina goge wurin ne don jini yake yi." To wurin da ke jinin nan, shi ya fi buƙatar guga.

Ga abin da ke faruwa. Farar dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori gidan bakteriya ce. In ta daɗe sai ta ƙandare ta zama kamar dutse, ta shige ƙarƙashin dasashi inda iska ba ta kaiwa, kuma can ne mugaye irin su Porphyromonas gingivalis ke jin daɗi. Jiki sai ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su. Sinadaran da suke fesawa ba sa tantance abokin gaba: suna tsinka zaren da ke riƙe da haƙori, su tada ƙwayoyin da ke narkar da ƙashin muƙamuƙi. Kamar mai ƙona rumbu ne don ya kashe ɓera. Yawancin ɓarnar garkuwar jikinka ce ke yin ta, kuma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan duniya na fama da ciwon dasashi mai tsanani.

Saboda haka aikinka shi ne ka raba jiki da abin da ke tunzura shi. Goge baki safe da dare, minti biyu, da buroshi mai laushi da man goge haƙori. Karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa juyawa a hankali, ban da dirza. Asuwaki yana aiki, ni ma ina riƙe shi, amma a tauna bakinsa ya yi laushi, a kai shi har turame da bayan haƙora. Masu yawo da shi a baki yini guda suna shafa haƙoran gaba kaɗai, kansu suke ruɗi. Tsakanin haƙora a sa zare. Gawayi da toka kuwa a bar su, kankare haƙori suke.

In jinin bai tsaya ba bayan sati biyu, ko akwai warin baki, ko mugunya, ko haƙora sun fara buɗewa, ka zo asibiti. Muna auna zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi: milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, 6 ko fiye ciwo ya yi nisa. Sai a kankare dutsen, wani lokaci da allurar kashe zafi. Kada ka sayi amoksisilin ko Flagyl wurin mai talla a tasha. Kumburi zai faɗa na ɗan lokaci, dutsen yana nan, ƙashi na ci gaba da zaizayewa.

Mai ciwon suga ya riƙe sugansa, don ciwukan biyu suna ƙara wa juna ƙarfi. Mai shan taba kuma dasashinsa ba ya saurin jini, sai ya ɗauka lafiya yake.

Iyaye, ku lura da biyu. Saurayi ko budurwa da haƙoran gaba suka fara motsi, baki kuwa tas, kada a ce jifa ne. Akwai wata bakteriya da ake samu a arewaci da yammacin Afirka mai dafin kashe fararen ƙwayoyin jini, tana cin ƙashi da sauri. Sai yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda: in dasashinsa ya yi gyambo, yana wari, kunci ya kumbura, a kai shi asibitin CSI mafi kusa a ranar, ko da dare ne. Haka cutar da ake kira noma ke farawa, kuma cikin ƴan kwanaki take huda kunci.